Malama Saratu da Filin Gudun da Ƙauye Ya Sare da Hannu

A wannan watan ne aminiyata Malama Saratu ke cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye, don ban san ta inda zan fara ba. Bana dai na ga shekaru suna ja, kuma waɗanda suka san yadda sakandaren ƙauyen nan ta tsaya da ƙafarta suna ta raguwa. Idan muka yi shiru, nan gaba kaɗan yara za su ɗauka haka aka tarar da makarantar da filinta.

Ni 'yar Zariya ce. Na zo yankin Abuja ne lokacin da ake ta haramar dawo da kujerar mulki daga Legas. Aiki ya kawo maigidana, ni kuma aka tura ni koyar da Hausa a wata sabuwar sakandaren gwamnati da ke wani ƙauye bayan Paikon Kore, a ƙasar Gwagwalada. Da na isa na nemi makarantar ban gan ta ba. Ashe ajujuwan firamare aka ara mata: 'yan firamare su tashi da rana, namu su shiga. Ofishin firinsifal kuwa teburi ne a gindin ɗorawa.

A nan na fara ganin Saratu. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, da usur rataye a wuya. 'Yar Gbagyi ce, haifaffiyar ƙauyen, kuma ita ce mace ta farko a cikinsu da ta gama kwalejin horon malamai. Wasanni da kiwon lafiya take koyarwa. Kafin in gama gaisawa da firinsifal ta sunkuci akwatin littattafaina ta ɗora a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ta ce, "Ke ce malamar Hausa? Madalla. Ki gyara mana baki, mu kuma mu gyara miki ƙafa, don na ga tafiyarki ta 'yan birni ce." Tun daga ranar ba mu rabu ba. Ita tana zuwa coci, ni ina salla, amma da azumi ita ke kawo mini doyar buɗa baki, da Kirsimeti kuma ni ke tuƙa mata tuwon baƙi.

Shekarun nan ba su yi wa makarantar sauƙi ba. Dare da rana tifofi na wucewa a babban titi da yashi da tsakuwa, ana gina sabon birni. Samarin ƙauyen suka ga leburanci ya fi zaman aji. 'Yan mata kuma suka koma sayar da abinci da doya a bakin titi. Ko bayan an gina mana ajujuwanmu na kanmu, sai ka shiga aji ka tarar da benci ya fi ɗalibai yawa. Ana haka wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi, ya zagaya, ya ce in dai haka abin zai ci gaba, za a haɗe mu da wata makaranta a cikin Gwagwalada. Bai faɗa da mugunta ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma dukkanmu mun san ma'anar maganar. Maza kaɗan za su iya zuwa a keke. 'Yan mata kuwa, babu uban da zai bar 'yarsa ta riƙa yin wannan nisan kullum. Karatunsu ya ƙare ke nan.

Bayan tafiyarsa muka taru a ofis. Firinsifal, mutumin Binuwai mai sanyin hali, ya ce sai dai mu yi addu'a. Saratu ta ce, "Oga, za mu yi addu'a. Amma mutanen nan ba su san da mu ba ne. Bari mu sa su sani."

Abin da take nufi shi ne gasar guje-guje da aka fara shirya wa makarantun sakandaren sabon yankin duka. Ba mu da fili, ba mu da takalma, ba mu da komai. Ta fara fitar da yara da sassafe suna gudu a hanyar gona. Ta fi sa rai a tseren miƙa sanda na 'yan mata, wanda yara ke kira rile, inda mutum huɗu ke gudu bi da bi, kowace ta miƙa wa ta gabanta sanda. Sandar ma guntun gora ta yanko musu.

A kan wannan ne muka yi faɗanmu na farko. Ta ce sai 'yan matan sun sa gajeren wando. Na ce mata iyaye Musulmi ba za su yarda ba, kuma ni ma ba zan goyi bayanta ba. Saratu ba ta iya ba da haƙuri ba, wannan halinta ne har ta koma ga Allah. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Rannan sai ga ta a ƙofar gidana da bandir ɗin yadi ruwan ɗorawa, ta dire shi a kan keken ɗinkina ta ce, "To, gwanar magana, ɗinka wanda za su yarda da shi." Na ɗinka dogayen wanduna marasa nauyi da riguna masu rufe cinya. Iyayen coci ma suka ce irinsa suke so wa nasu.

Sai maganar Ladi. Ladi ta riga ta bar makaranta tana taya babanta, Baba Tanko, aikin doya. Ran kasuwa Saratu ta ga wata akuya ta tsinke ta yi daji, samari na bin ta suna haki, sai wata siririyar yarinya ta ajiye kayanta ta wuce su duka ta cafko ta. Ashe Ladi ce. Washegari Saratu ta ja ni muka je gidan. Baba Tanko ya saurare mu tsaf, sannan ya ce da irin Hausarsa, "Malama, gudu ba ya cika rumbu. In yarinya ya tafi, wa zai tone mini doya?" Saratu ba ta yi musu ba. Ran Asabar ta kwashi 'yan gudunta duka, maza da mata, muka shiga gonarsa. Har ni da ban taɓa riƙe fartanya ba sai da na yi kanta a hannu. Kafin la'asar doya ta taru tsibi-tsibi. Tsohon ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai yana dariya, ya ce Ladi ta nemo yunifom ɗinta.

Ranar gasa muka tafi birni a bayan a-kori-kura. Yaranmu ba su taɓa ganin fili irin wannan ba, da farin layi a zane yana lanƙwasa. Abokan karawarsu galibi 'ya'yan ma'aikatan da aka dawo da su daga Legas ne, da takalman gudu masu ƙusa, suna Turanci kamar ruwa. Namu kambas ne na aro, wasu ma sun cire sun riƙe a hannu don ya matse su. Aka busa usur. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tun a miƙa ta biyu muka wuce gaba, ta ƙarshe ta shiga babu kowa kusa da ita. Muka yi ta tsalle, ni da nake malamar ɗa'a har gyalena ya faɗi.

Murnar ba ta daɗe ba. Wani alƙalin gasa ya ɗaga jan ƙyalle. Aka ce Ladi, wadda ta yi gudun kwana, inda filin ya lanƙwasa, ta bar layinta ta shiga na wata. An cire mu. Yarinyar ba ta ma san akwai wannan doka ba, a hanyar gona ta koyi gudu, inda duk wanda ya ga kwana yakan yanke ta ne. Na ga Saratu ta nufi alƙalin da sauri, na bi ta a guje don na san zafinta. Amma da ta isa sai ta tsaya ta ce ya nuna mata daidai inda abin ya faru. Ya kai ta ya nuna. Ta duba, ta yi masa godiya, ta dawo. Ladi na zaune a ƙasa ta rufe fuska da riga tana kuka. Saratu ta durƙusa ta ce, "Tashi. Mutumin nan gaskiya ya faɗa. Gudunki babu wanda ya kai shi a nan, kowa ya gani. Layi ne ban koya miki ba, don ba mu da shi. Za mu yi namu."

Na zaci ƙauyen zai yi mana dariya. Abin da ya faru daban ne. Labari ya riga mu isa cewa 'ya'yan manoma sun wuce 'ya'yan birni amma an ƙwace musu nasara saboda layi. Abin ya taɓa zuciyar mutane. Da yamma Baba Tanko ya zo makaranta da sandarsa, ya tambayi Saratu girman filin da ake bukata. Ta nuna masa da hannu. Ya juya ya dubi sauran gonarsa da ke jikin makarantar, wadda ya bar ta ta huta, ya ce, "Ku ɗauka. Amma a sa wannan layi sosai, kada a sake cire mini yarinya."

Duk abin da na gani a rayuwata ta koyarwa, babu wanda nake tunawa da daɗi kamar ranar aikin gayyar nan. Mai gari ya sa aka yi shela. Liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, fasto ya faɗa ran Lahadi, masu bin addinin kakanni ma suka fito da gangunansu. Aka tumɓuke kututture, aka rushe suri, mata suka kwashe duwatsu a kafaɗa. Samarin da suka tafi leburanci suka dawo da diga da shebur da baro. Wani safiyo da ke aikin titi a kusa, wanda Saratu ta yi ta yi wa zarya har ya gaji ya yarda, shi ya zo da igiya da turaku ya fitar mana da kwanonin filin yadda ya kamata. Fenti ba mu da shi, sai baƙin mai da makanikai suka tara mana daga garejin Gwagwalada. Da shi aka ja layukan a kan jar ƙasa. Saratu ta bi su ɗaya bayan ɗaya da buta a hannu, ta dawo gida kamar wadda ta fito daga ƙarƙashin mota.

Daga nan ta kafa dokarta, wadda har yau tsofaffin ɗalibai ke maimaitawa: wanda bai shiga aji da safe ba, ƙafarsa ba za ta taka fili da yamma ba. Babu ɗan mai gari, babu gwani. Ta taɓa korar yaron da ya fi kowa gudun dogon zango saboda ya tsallake darasina, ta ce sai ya kawo shaida daga bakina. Da idona na ga ajina yana cika. Yaran da suka dawo don gudu suka tsaya don karatu. Ƙauyukan da ke kewaye ma suka fara turo nasu.

Shekara ta zagayo muka koma birni. Wannan karon ba mu kaɗai muka je ba, rabin ƙauyen ya biyo mu. Baba Tanko, wanda bai taɓa shiga sabon birnin ba, ya zauna a gaban mota da hularsa ta zuwa biki. Sauran makarantu kuma sun shirya mana, ba wanda ya sake yi mana kallon 'yan ƙauye. Da aka fara tseren, yarinyarmu ta farko ta makara wajen tashi, ta biyu ta ɗan rage tazarar, amma da sanda ta iso hannun Ladi muna bayan makarantu biyu. Ga kuma kwanar nan a gabanta. Saratu ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Ba ta yi ihu ba, ita da ake jin muryarta daga kasuwa. Ladi ta shiga kwanar ta kwanta a cikin layinta kamar an ɗaure ta da shi, ta wuce ta farko a tsakiyar kwana, ta kamo ta biyu daidai wajen miƙa sanda. Ta ƙarshenmu, wata gajeriyar yarinya mai suna Kande, ta karɓa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da 'yar birni, har sai dab da ƙarshe ta tura ƙirji ta riga ta.

Babu wanda ya yi murna a cikinmu. Duk muka juya muna kallon alƙalin kwana. Mutumin nan na bara ne. Ya dube mu, ya ɗaga farin ƙyalle sama, har da murmushi. Sai a lokacin Saratu ta saki hannuna ta ƙwala wata irin ƙara, ta zauna a ƙasa tana kuka, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Baba Tanko ya tsallake igiya ya shiga fili, 'yan doka na kiransa bai ko waiwaya ba. Babban baƙon da ya miƙa kofi ya karanta sunan makarantarmu, ya tambayi na kusa da shi a ina take. Firinsifal ɗinmu mai sanyin hali ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, tana nan inda take, kuma muna gayyatarka."

Ba zan ce kofi kaɗai ya hana a haɗe mu da wata makaranta ba. Da jami'in ilimi ya dawo ya tarar yara na zaune har a taga, shi da kansa ya ce ƙarin ajujuwa muke bukata. Amma na san abin da ya cika ajujuwan. A shekarun da suka biyo baya kofuna suka yi ta zuwa, na gudu, na tsalle, daga baya har na ƙwallon ƙafa. Makarantun da suka fi mu gini suka riƙa zuwa aron filinmu. Ladi ta gama, ta yi kwalejin ilimi, ta dawo ta zama mataimakiyar Saratu.

Saratu ba ta daɗe tana jinya ba. Ciwo ya kama ta tana gab da yin ritaya, ta ɓoye mana har sai da ya ci ƙarfinta. Da na je duba ta a asibiti, abin da ta fara tambayata shi ne ko an share filin kafin damina. Ranar da aka binne ta, cocin ƙauyen bai ɗauki mutane ba, mu Musulmi muka cika harabar waje.

Yau idan na je ƙauyen nakan tambayi kaina me Saratu za ta ce. Birnin da muke hangen fitilunsa daga nesa ya iso har ƙofar makaranta. Inda muka tone doyar Baba Tanko rukunin gidaje ne masu doguwar katanga. A aji ɗaya za ka ji Gbagyi da Hausa da Tibi da Ibo da Yarbanci. Na tabbata wannan zai yi mata daɗi, don ba ta taɓa tambayar yaro daga ina ya fito ba, ƙafarsa take kallo. Abin da zai ɓata mata rai na sani: yaran da ake saukewa a Keke Napep a tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, da makarantun kuɗi da ake buɗewa a gidan haya babu ko inda yaro zai yi tsalle. Da tana nan da ta bi su ɗaya-ɗaya ta gaya musu abin da ba su so ji ba.

Akwai kuma abin da na so a ce ta gani. 'Yan shekarun baya aka wayi gari an kafa turakun siminti a gefen filin, wani mai gina gidaje ya ce an ba shi wurin. Ladi ce ta buga wa tsofaffin ɗalibai waya. Kafin azahar sun fara sauka: makanikai daga Apo da kayan aikinsu a jiki, direbobi da 'yan kasuwa daga Nyanya, nas-nas, 'yan sanda, har da wata lauya da na koya wa rubutun wasiƙa. Ba su yi faɗa da kowa ba. Suka bi maganar ofis-ofis, 'ya'yan Baba Tanko suka tsaya suka ba da shaidar kyautar mahaifinsu, har aka tabbatar wa makaranta da filinta aka zagaye shi da katanga. Mutanen da Saratu ta hana shiga fili don sun tsallake aji, su ne suka tsare mata shi.

Idan na auna abin da ya rage na Saratu, ba kofunan ba ne, yawancinsu sun yi tsatsa a kabad ɗin firinsifal. Ba ta bar gida a birni ba, ba a sa sunanta a titi ba. Ta bar mata masu sana'a da ilimi waɗanda da karatunsu ya tsaya a bakin titi. Ta bar ƙauyen da ya gano cewa zai iya tashi da kansa ya yi abu, ya kuma yi shi daidai.

Bana Ladi, wadda yanzu ita ce shugabar wasanni a makarantar, ta gayyace ni gasar da ake yi duk shekara tsakanin gidajen wasanni na ɗalibai. Ashe sun canza wa ɗaya daga cikin gidajen suna, sun sa masa Gidan Saratu. Ina zaune a rumfa aka fara tsere, sai na ji ɗaruruwan yara sun ɗauka gaba ɗaya: "Sa-ra-tu! Sa-ra-tu!" Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin ta. Na kasa riƙe hawaye. Wata 'yar aji ɗaya da ke raba ruwa ta tsaya a gabana ta ce, "Mama, lafiya? Ko gidanku ne aka wuce?"

Na ce mata a'a, gidanmu ne a gaba.

Ta ce, "Au, ke ma 'yar Gidan Saratu ce?"

Na ce, "Tun kafin a haifi mamanki."

Ta ajiye ruwan ta kama hannuna ta ce to in tashi, 'yan gidansu ba sa kallon tsere a zaune. Na tashi da ciwon gwiwata, muka je bakin igiya, na sa murya a cikin tasu.